Yadda Za Ka Haɗa Yoga da Ɗaga Ƙarfe Ba Tare da Ɗaya Ya Ɓata Ɗaya Ba

Akwai matashin da zai saɓa buhun siminti mai kilo 50 a kafaɗa ko nishi bai yi ba, amma ka ce ya tsuguna diddigensa a ƙasa na minti ɗaya, sai ka ga yana laluben bango. Akwai kuma wanda zai naɗe jikinsa har goshi ya taɓa gwiwa, amma ya kama ƙarfe ya ja kansa sama ko sau ɗaya ya gagara. Na farkon yana da ƙarfi, sai dai gaɓoɓinsa sun sandare. Na biyun jikinsa na lanƙwasuwa yadda yake so, amma babu tsokar da za ta tare masa gaɓa idan nauyi ya hau. Abin da kowanne ya rasa yana wurin ɗan'uwansa.

A Indiya, inda yoga ta fito, wato salon miƙa jiki da sarrafa numfashi, an daɗe ana atisayen neman ƙarfi ma, ba kamar yadda wasu ke zato ba. 'Yan kokawar gargajiya na can, a filayensu da ake kira akhara, sun daɗe suna jujjuya manyan kulake na katako, suna yin tsugunna-tashi da danna ƙasa da hannu ɗaruruwa a rana. Shahararren ɗan kokawar nan Gama, wanda ya rasu a Lahore a 1960, da irin wannan atisayen ya yi suna. Ita ma yogar da ake gani yau a Youtube, mai yawan motsi da zufa, kaso mai yawa na salonta ya fito ne daga makarantar wani malamin yoga mai suna Krishnamacharya a fadar sarkin Mysore da ke kudancin Indiya cikin shekarun 1930, inda yawancin ɗalibansa samari ne masu jini a jika.

To me ya sa ba za a tsaya a kan guda ɗaya ba? Domin yoga tana da giɓi biyu. Kusan duk motsinta turawa ne da riƙewa: kana tura ƙasa da hannu ko da ƙafa. Babu inda kake janyo wani nauyi zuwa jikinka, don haka tsokokin gadon baya da damtse ba sa samun rabonsu. Na biyu, nauyin da take ba ka shi ne na jikinka, ba ya ƙaruwa, alhali tsoka da ƙashi ba sa ci gaba da ƙarfi sai ana ƙara musu kaya a hankali. Shi kuma ƙarfe, yadda yawancin samari ke ɗaga shi, ƙirji da damtse kawai ake bi, a bar ƙugu da idon sawu da tsayuwa a ƙafa ɗaya da sarrafa numfashi. Nan ne yoga ta fi ƙwarewa.

Tambayar addini

Shin ya halatta Musulmi ya yi yoga? Na san tana ran mai karatu, kuma tambaya ce mai kyau. Yoga a asalinta tana da alaƙa da ibadar Hindu, malamai kuma sun yi magana a kai. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta saboda rera kalmomin bauta da ke shiga ciki. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta haramta wadda aka haɗa da al'adun ibada, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuwa ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Abin da ke cikin wannan jagora miƙa jiki ne da numfashi kawai. Babu rera komai, babu jerin motsin nan na gaida rana. Na ajiye sunayen motsin na Indiya ne don ka iya neman bidiyonsu ka ga yadda ake yi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tuntuɓi malaminsa.

Mataki na farko: san jikin da za ka ɗora wa aiki

Idan kana da hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga, sikila, ƙaba, ko ciwon baya da ke saukowa har ƙafa, fara ganin likita ka faɗa masa ainihin abin da kake son yi. Haka mai juna biyu, da wadda ta haihu kwanan nan, musamman wadda aka yi wa aiki. Mai hawan jinin ido, wato gilakoma, ya guji duk motsin da kai ke komawa ƙasa da zuciya, domin yana ƙara matsi a cikin ido. Dattijon da aka ce ƙashinsa ya yi laushi kada ya matsa wa kansa da duƙawa sosai ko murɗa baya.

Sannan ka gwada abu huɗu ka rubuta sakamakon a littafi: sau nawa za ka iya fires-of, wato danna ƙasa da hannu, da kyau; sakan nawa za ka iya tsayawa a ƙafa ɗaya; idan ka duƙa gwiwa a miƙe ina yatsunka ke kaiwa; kuma za ka iya tsugunawa har ƙasa diddige bai ɗaga ba? Bayan mako 8 za ka sake gwadawa. Madubi yana ruɗi, littafi ba ya yi.

Mataki na biyu: kayan aiki

Ba sai ka biya kuɗin jim ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka galan mai lita 5 kilo 5 ne, jarka mai lita 25 kuma kilo 25, kana iya cika ta rabi ka riƙa ƙarawa. Ledar fiya wata mai ƙulli 20 kilo 10 ce. Jakar goyo da aka zuba wa yashi a leda tana yin aiki sosai. Masu zuba siminti a gwangwani su haɗa da bututun ƙarfe su tabbata gefe biyun nauyinsu ɗaya, su kuma auna a sikeli, don yawancin na unguwa wani gefen ya fi wani, kafaɗa ce ke biyan bashin daga baya.

A ɓangaren yoga, abin shimfiɗa da ba ya zamewa shi ne babba. Tabarmar roba a kan tayil santsi take yi, ta sha kayar da mutane. Idan babu shimfiɗar yoga, kafet ko darduma mai kauri ta wadatar. Ka tanadi tawul ko ɗankwali mai tsawo, da matashin kai, da kujera mai ƙarfi. Kayan sawa su zama masu yalwa, a yi ba takalmi.

Mataki na uku: raba mako

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiya da sauri, sannan aƙalla kwana 2 na atisayen ƙarfafa tsoka. Ga wanda ya kai shekara 65 ta ƙara kwana 3 na atisayen da ya haɗa ƙarfi da daidaita tsayuwa, don rage faɗuwa. Wannan tsarin a kan haka aka gina shi:

Asabar: ƙarfe, minti 45.
Lahadi: yoga, minti 30 zuwa 40.
Litinin: tafiya da sauri.
Talata: ƙarfe.
Laraba: yoga mai sauƙi, minti 20, da tafiya.
Alhamis: tafiya, ko ƙwallo ga mai bugawa.
Juma'a: hutu.

Kana iya juya ranakun yadda suka dace da aikinka, amma ka kiyaye abu biyu. Tsakanin ranar ƙarfe da ta gaba a bar aƙalla awa 48, domin a lokacin hutu tsoka ke gyara kanta ta ƙaru. Na biyu, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure, kada ranar yoga ta koma ranar ƙarfe ta uku. Idan jiya ka yi fires-of da ɗaga nauyi sama da kai, yau kuma ka bi wani bidiyo mai zafi da ke sa ka dogara a kan hannu na minti 40, to wuyan hannunka da gaban kafaɗarka ba su huta ba. Bayan 'yan makonni za ka fara jin tsami a wurin, ka ɗora wa yoga laifi, alhali jadawalin ne ya yi yawa.

Ka lura tafiya na cikin tsarin. Yoga mai sanyi da ɗaga ƙarfe ba sa cika wa zuciya da huhu rabonsu, don haka kada a jefar da ita.

Mataki na huɗu: ranar ƙarfe

Ƙa'idar da ta fi komai muhimmanci ita ce jeri. Motsi mai sauƙi a farko, nauyi a tsakiya, doguwar miƙa a ƙarshe. Dalili kuwa, binciken masana motsa jiki ya nuna cewa riƙe miƙa ɗaya fiye da sakan 60 gab da ɗaga nauyi yana rage ƙarfin wannan tsokar na ɗan lokaci. Ragin ba shi da yawa, amma babu amfanin sassauta tsoka a daidai lokacin da kake son ta ɗaure.

Fara da ɗumama jiki na minti 8 zuwa 10, kuma yoga ce za ta yi maka wannan aikin, amma mai motsi, ba mai tsayawa ba. Yi tafiya a wuri ɗaya na minti 2. Sauka a kan hannu da gwiwa, ka ja numfashi ka saki ciki ƙasa kana ɗaga ƙirji, ka fitar da numfashi ka ƙoƙara baya sama kamar yadda kyanwa ke yi, sau 8. Wannan shi ne Marjaryasana. Daga nan ka ɗaga mazaunai sama, hannu da ƙafa a ƙasa, jiki ya yi kusurwa, wato Adho Mukha Svanasana, ka riƙa danna diddige ɗaya bayan ɗaya na numfashi 3. Jefa ƙafar dama gaba tsakanin hannuwa, gwiwar baya a ƙasa, ka ɗaga hannu ɗaya sama kana juya ƙirji, ka sauya gefe, sau 4 kowane ɓangare. Rufe da tsugunna-tashi 10 babu kaya.

Yanzu sai aikin. Motsi biyar ne, kowanne zagaye 2 a makonni biyun farko, daga baya 3. A kowane zagaye ka yi sau 8 zuwa 12, ka huta minti 1 zuwa 2. Nauyin da ya dace shi ne wanda idan ka gama kana jin za ka iya ƙara biyu amma ba biyar ba.

Tsugunno da kaya. Rungume galan ko dambel, wato ƙarfen ɗagawa na hannu, a ƙirji, ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, yatsu sun ɗan kalli waje. Sauka kamar za ka zauna tsakanin diddigenka, gwiwa na bin layin yatsun ƙafa, ƙirji a ɗage. Idan diddige na tashi, saka siririn katako a ƙarƙashinsa kafin idon sawu ya saki. Mai ciwon gwiwa ya sa kujera a baya, ya taɓa ta ya tashi.

Ɗauko kaya daga ƙasa. Wannan shi ne motsin da ya fi amfani a rayuwa, shi ne kuma aka fi ɓatawa. Ajiye jarka tsakanin ƙafafunka. Tura mazaunai baya kamar za ka rufe ƙofa da su, gwiwa ta ɗan lanƙwasa, baya a miƙe daga ƙeya har ƙugu. Kama hannun jarkar, ɗaure ciki, ka tura ƙasa da ƙafa ka miƙe. Ya kamata ka ji aikin a bayan cinya da mazaunai. Idan a kwankwaso kake jin sa, to bayanka ya lanƙwashe, rage ruwan ka sake. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sa wani ya ɗauke ka bidiyo daga gefe da waya, za ka ga abin da ba ka ji.

Turawa. Fires-of, jiki a miƙe daga kai har diddige, gwiwar hannu ba ta buɗe sosai ba, ta ɗan karkata wajen haƙarƙari. Wanda bai iya 8 ba ya ɗora hannu a kan benci ko tebur. Wannan ya fi yi a kan gwiwa, domin yana koya wa ciki riƙe jiki tun daga farko. A ranar Talata ka musanya shi da ɗaga galan biyu daga kafaɗa zuwa sama da kai.

Janyowa. Idan lokaci ya ƙure maka har za ka bar wani motsi, kada ya zama wannan, don shi ne yoga ba za ta ba ka ba. Dafa benci da hannun hagu, baya a shimfiɗe, ka janyo galan da hannun dama zuwa gefen ƙugu, ka tsaya sakan ɗaya kana matse allon kafaɗa, ka sauke a hankali. Idan akwai ƙarfen da aka kafa da kyau, ka fara da rataya kawai na sakan 20 zuwa 30. Daga baya ka hau kujera haɓa ta kai ƙarfen, ka sauko a hankali cikin sakan 5. Ta haka ake koyon jan jiki sama. A ra'ayina, mai yin yoga ya ba janyowa zagaye ɗaya fiye da turawa.

Ɗaukar kaya a tafi. Riƙe jarka a hannu ɗaya ka yi taku 30 ba tare da ka karkace ba, ka sauya hannu. Yana ƙarfafa riƙo da gefen ciki, ya kuma fi zaman tashi-kwanta ɗari da ake yi don neman shafaffen ciki.

Da ka gama, jiki na da zafi, lokacin doguwar miƙa ya yi. Minti 8 sun isa. Gwiwa ɗaya a ƙasa, ɗayar ƙafar a gaba, ka matse mazaunai ka ɗan tura ƙugu gaba har ka ji gaban cinya ya ja. Kwanta rigingine ka saƙala tawul a tafin ƙafa ka ɗaga ta miƙe. Dafa bakin ƙofa da hannu ka juya ƙirji. Sai ka zauna a kan diddige ka kifa goshi a matashi, hannuwa a gaba, wato Balasana. Kowanne sakan 30 zuwa 60. Ja ake so ka ji, ba zafi ba.

Numfashi: inda hanyoyin biyu suka bambanta

A yoga ta hanci ake shaƙa, ta hanci ake fitarwa, a hankali, ba a riƙewa. A ƙarfe kuwa kana shaƙa lokacin saukewa, ka fitar lokacin da kake ɗagawa, ta baki ma babu laifi. Ƙwararrun masu ɗaga manyan kaya sukan cika ciki da iska su riƙe don su tallafi ƙashin baya, sai dai hakan na harba hawan jini sama sosai na 'yan sakanni. Sabon shiga ba ya buƙatarsa, mai hawan jini kuma ya nisance shi ƙwarai. Idan ka ga fuskarka ta kumbura, jijiyar wuya ta fito, idonka na ganin taurari, numfashi ka riƙe ba ka sani ba.

Abin da za ka aro daga yoga ka kai wurin ƙarfe shi ne numfashin hutu. Tsakanin zagaye, maimakon duba waya, shaƙa cikin ƙirgen 4 ka fitar cikin ƙirgen 6. Tsawaita fitar da numfashi na taimaka wa bugun zuciya ya sauko.

Mataki na biyar: ranar yoga

Yau ba ranar nuna bajinta ba ce. Za ka iya wayar gari da tsamin jiki, wanda yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan sabon atisaye. Motsi mai sauƙi na rage jin sa na ɗan lokaci, amma fizgar tsoka mai tsami da ƙarfi ba ya warkar da ita. Kowane motsi ka riƙe shi na numfashi 5 masu tsawo, kusan sakan 30 ke nan, a kowane gefe.

Zauna a kan matashi minti 3 kana numfashin 4 da 6. Yi motsin kyanwa, sai Adho Mukha Svanasana. A nan ka lanƙwasa gwiwa idan bayan cinya ya ɗaure. Miƙewar baya ake nema, ba taɓa ƙasa da diddige ba.

Tashi tsaye ka ware ƙafafu. Juya ƙafar dama waje, lanƙwasa gwiwarta har ta tsaya saitin idon sawu, buɗe hannuwa daidai kafaɗa, ka kalli yatsun hannun dama. Wannan Virabhadrasana na biyu ne, yana buɗe matsematsi yana kuma sa cinya aiki. Daga nan miƙe gwiwar, ka karkata gefe ka dafa ƙauri ko kujera, ɗaya hannun a sama, wato Trikonasana. Kada ka damu da taɓa ƙasa. Masu ƙwanji da yawa sukan murɗe baya don su kai, su rasa amfanin gaba ɗaya.

Sai tsayuwa a ƙafa ɗaya, Vrikshasana: ɗora tafin ƙafa a cikin ƙauri ko cinya, ban da kan gwiwa, ka kafa ido a wuri ɗaya. Idan sakan 30 ya zama wasa, gwada rufe ido kusa da bango. Wannan ɗan motsin da ake rainawa shi ne dattawa suka fi buƙata, domin faɗuwa da karayar ƙugu na cikin abubuwan da ke kwantar da tsofaffi.

Tsuguna har ƙasa, gwiwar hannu na tura gwiwoyi waje, Malasana ke nan. Wanda ya tashi yana cin abinci a tabarma yana alwala a tsugune yakan same shi kyauta. Wanda kujerar ofis da mota suka ƙwace masa shi ya riƙe ƙafar tebur, ya dawo da abinsa a hankali, don shi ne zai gyara masa tsugunno da kaya a ranar ƙarfe.

Kwanta rub da ciki, ka ɗaga ƙirji da hannuwa da ƙafafu kaɗan daga ƙasa, Shalabhasana, sau 2. Juya rigingine, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama, Setu Bandhasana. Rungume gwiwoyi ka sauke su gefe ɗaya, kafaɗu a ƙasa, ka sauya. A ƙarshe ka kwanta shiru minti 5, ka saki komai. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, su ne kuma suka fi buƙatarsa.

Tsayuwa a kan kai, dogara a kan wuya, da naɗe ƙafafu irin na hotuna, duk ka bar su. Ba sa ƙara wa mai neman lafiya wani abin da waɗannan ba su ba shi ba, sun kuma jawo wa mutane ciwon wuya da gwiwa. Ga mai ciwon baya da ya daɗe, ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta saka yoga a 2017 cikin hanyoyin da ake fara gwadawa kafin magani, amma irin wannan mai sauƙin ake nufi.

Gargaɗi ga wanda jikinsa ke lanƙwasuwa da yawa tun asali, wanda gwiwar hannunsa ke wuce miƙewa ta koma baya, kuma an fi samun haka a mata: ƙarin miƙa ba shi ne buƙatarki ba. Ki tsaya kafin ƙarshen inda gaɓa ke kaiwa, ki ba ƙarfe kaso mafi yawa. Tsoron cewa ƙarfe zai mayar da mace ƙatuwa kamar namiji ba shi da tushe, domin sinadarin testosteron da ke kawo wannan girman kaɗan ne a jikinta.

Mataki na shida: ƙara kaya

Idan ka iya sau 12 a duk zagayen, a zama biyu a jere, ƙara nauyi: kilo 1 ko 2 ga motsin hannu, 2 zuwa 5 ga na ƙafa. Za ka koma sau 8, ka sake hawa. A yoga kuwa ci gaba shi ne riƙe motsi numfashi 8 maimakon 5, ko yin sa numfashi bai sarƙe ba. Kada ka ƙara wa ɓangarorin biyu a mako ɗaya, don idan wani wuri ya fara ciwo ba za ka san mai laifin ba.

A makonni 4 zuwa 6 na farko ƙarfi zai ƙaru da sauri ba tare da jiki ya sauya a ido ba, saboda ƙwaƙwalwa ce ke koyon sarrafa tsokar. Girman da ake gani yakan ɗauki mako 8 zuwa 12. Duk bayan wata ɗaya da rabi ko biyu ka ɗauki mako guda ka rage kaya rabi, ka bar yoga yadda take. Wanda ya haura shekara 30 ya san cewa tsoka na raguwa da kusan kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara 10 idan ba a motsa ta, don haka tsayawa a inda kake ma riba ce.

Abinci da barci

Mai ɗaga ƙarfe na buƙatar furotin kimanin giram 1.2 zuwa 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 70 zai nemi giram 85 zuwa 110. Ƙwai ɗaya na ba da kusan giram 6, kofin madara kusan 8. Wake, alale, ƙosai, awara, gyaɗa, ƙuliƙuli, kindirmo, kifi da nama duk suna cikin lissafi, a rarraba su safe, rana da dare. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita. Bar awa 2 zuwa 3 tsakanin tuwo da yoga, don duƙawa da murɗawa a kan cikakken ciki ba daɗi. Barci awa 7 zuwa 9. Allurai da ƙwayoyin kumbura jiki da ake tallatawa a ɓoye, da shan Tramadol don a ji ƙarfi, hanya ce ta lalata hanta da ƙoda da zuciya da haihuwa.

Zafi, hunturu da azumi

Daga Maris zuwa Mayu ka yi atisaye bayan asuba ko bayan magariba, da ruwa a kusa. Launin fitsari zai gaya maka gaskiya: idan ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. A hunturu gaɓoɓi kan tashi a daskare, sai ka tsawaita ɗumama jiki zuwa minti 15, mai asma kuma ya yi a cikin ɗaki saboda ƙura.

A watan azumi burin shi ne riƙe abin da aka samu. Mayar da ƙarfe bayan buɗa baki da awa ɗaya ko biyu, ko bayan asham, ka rage zuwa zagaye 2 amma ka bar nauyin yadda yake. Yoga mai sauƙi ta minti 15 tana yiwuwa kafin magariba, a bar motsin tsaye masu tsawo idan ana jin jiri. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin ya tsara lokacin da likitansa, a sauran watanni kuma ya riƙa ajiye dabino kusa da shi.

Tsamin tsoka da ke bazuwa a gefe biyu ya kuma ragu da motsi ba abin damuwa ba ne. Amma zafi mai suka a cikin gaɓa, kumburi, ko mutuwar jiki da ke bin hannu ko ƙafa, alama ce ta a dakatar da wannan motsin a nemi likita ko ma'aikacin gashin ƙashi idan bai lafa ba cikin 'yan kwanaki. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, suma, ko fitsari mai launin baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani kuwa, asibiti ake zuwa a ranar.